Kama da Wane Ba Ta Wane: Kwafin Dawaki da Makomar Dabbobin Ƙasar Haɗeja

A cikin watan Disamba na shekarar 2016, a filin ƙwallon dawaki na Palermo da ke babban birnin ƙasar Ajantina, wani shahararren ɗan wasa mai suna Adolfo Cambiaso ya hau dawaki shida ɗaya bayan ɗaya a wasan ƙarshe na babbar gasar ƙasar, ƙungiyarsa kuma ta ɗauki kofi. Abin da ya ja hankalin duniya shi ne, duk dawakin nan shida kwafi ne na wata goɗiya guda mai suna Cuartetera. Babu ingarman da ya yi barbararsu. Daga ƙwayoyin jikin goɗiyar aka samo su a ɗakin bincike.

Irin wannan labari dole ya tsaya wa mutumin ƙasar Haɗeja a rai, domin doki ba baƙo ba ne a wurinmu. A kan dawaki Sarkin Haɗeja Buhari ya yi yaƙe-yaƙensa a tsakiyar ƙarni na 19, da dawaki mayaƙan Sarki Muhammadu suka tari Turawa a 1906, har yau kuma idan Salla ta zo hakimai daga Birniwa, Guri, Kirikasamma da sauran gundumomi sukan shigo Haɗeja da mahayansu domin hawa. Duk wanda ya taɓa rasa wani akawal ko danda da ya shaƙu da shi zai so a ce akwai hanyar dawo da shi. To, shin wannan fasaha ita ce hanyar? Shin ya kamata mu yi marmarinta? Ra'ayina shi ne, ya wajaba ɗalibanmu su fahimce ta sosai, kuma akwai wuri guda da za ta yi mana amfani ƙwarai, amma duk wanda ya ɗauke ta a matsayin hanyar inganta dabbobinmu ya yi kuskuren lissafi. Ga dalilai.

Yadda ake yin kwafin

Jikin kowace dabba an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai zaruruwan gado da ake kira kuromosom, masu ɗauke da sinadarin DNA. A nan ne aka ajiye bayanin launin gashi, tsawon ƙafa, faɗin ƙirji da sauran siffofin da ɗa yake gada. Mutum yana da irin waɗannan zaruruwa 46, tunkiya 54, saniya 60, jaki 62, doki kuwa 64. Ta hanyar barbara, ɗukushi yakan samu 32 daga ingarma, 32 daga goɗiya, su cakuɗu su ba da sabon tsari wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Alfadari, da yake ɗan jaki ne da goɗiya, 63 yake tashi da su, ba sa rabuwa gida biyu daidai, shi ya sa da wuya ƙwarai a ga ya haihu.

Kwafin halitta, wanda masana suke kira kulonin, tsallake wannan cakuɗuwa yake yi. Da farko a ɗebo 'yar tsokar fata daga dabbar da ake son kwafa, a rena ƙwayoyinta a kwalba. Sannan a samo ƙwan haihuwa na wata macen, a sa siririyar allurar gilashi a zuƙe kayan gadon da ke cikinsa, ya zama kamar gidan da aka kwashe masu shi. Sai a saka ƙwayar fatar nan a ciki, a ɗan ratsa su da wutar lantarki domin su haɗe, ƙwan ya fara rarrabuwa kamar an yi barbara. Bayan kamar mako guda sai a dasa shi a mahaifar wata macen ta uku, ita ce za ta ɗauki cikin, wata goma sha ɗaya idan goɗiya ce, ta haihu.

Kada mai karatu ya ɗauka kwafi baƙon abu ne ga manomi. Wanda ya yanki karan rogo ko na rake ya dasa, ko ya tsinki yaɗon dankali ya binne, ko ya cire 'ya'yan da suka tsiro a gindin dabino ya kai wani rami, kwafi ya yi, domin sabuwar shukar da uwarta gadonsu ɗaya ne. Haka nan tagwaye masu kama ɗaya, daga ƙwai guda suka rabu. Sabon abu kawai shi ne yin haka da ƙwayar jikin dabba mai shayarwa wadda ta riga ta girma.

Daga kwaɗo zuwa raƙumi

Wani masani ɗan Ingila, John Gurdon, shi ya nuna a 1962 cewa cibiyar ƙwayar hanjin ɗan kwaɗo tana iya ba da cikakken kwaɗo, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2012. Amma wadda ta girgiza duniya ita ce tunkiyar nan Dolly, da aka haifa ran 5 ga Yuli, 1996, a Cibiyar Roslin kusa da birnin Edinbara, a hannun Ian Wilmut da Keith Campbell da abokan aikinsu. Daga ƙwayar hantsar wata tunkiya 'yar shekara shida aka samo ta. A 2003 abin ya iso ga dangin doki: a watan Mayu aka haifi alfadari mai suna Idaho Gem a Amurka, a ƙarshen watan kuma aka haifi goɗiya Prometea a birnin Cremona na Italiya, a ƙarƙashin Cesare Galli. Abin al'ajabi game da Prometea shi ne, goɗiyar da ta ɗauki cikinta ita ce wadda aka ɗebi ƙwayar daga jikinta, wato ta haifi kwafin kanta. A wannan shekarar ce kuma aka haifi saniya Futhi a Afirka ta Kudu, kwafi na farko a nahiyarmu. A watan Afrilu na 2009 aka haifi taguwa mai suna Injaz a Dubai. Yau akwai kamfanoni masu yin wannan aiki don kuɗi, kuma farashin da wani daga cikinsu a Amurka, ViaGen, ya sa wa kwafin doki guda a 'yan shekarun nan ya kai dala 85,000.

Abin da kwafi ba ya kwafowa

Dalili na farko da ya sa nake ganin bai kamata mu ruɗu ba shi ne, kwafi ba ya dawo da dabbar da aka rasa. Tagwai yake bayarwa wanda aka haifa a makare. Duk wanda ya zauna da Hassan da Husaini ya san kamar fuska ba ta hana bambancin hali. A 2001, a wata jami'a ta jihar Texas, aka kwafi kyanwa mai launi uku, sai 'yar da aka samu ta fito ba tare da ɗaya daga cikin launukan ba. A dawaki ma, farin goshi da farin ƙafa sukan bambanta tsakanin kwafi da asalinsa, domin yadda ƙwayoyin launi suke bazuwa a jikin ɗan tayi bai dogara ga gado kaɗai ba. Ban da haka, ƙwan da aka zuƙe bai zama fanko sarai ba. Akwai wasu ƙananan sassa a cikinsa da ake kira mitokondiriya, masu samar wa ƙwaya ƙarfi, waɗanda suke da nasu ɗan DNA, kuma kwafin daga mai ƙwan yake gadonsu. Ga dabbar da ake nema don gudu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sannan ga reno. Dokin da ke tsayawa cak a gaban Sarki bayan sukuwa, bindigogi na tashi, kakaki na busawa, bai firgita ba, shekaru aka yi ana horar da shi. Ya san hannun mai shi, ya san muryar ɗan barga. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke rubuce a DNA. Masu goyon baya za su ce, ai dawakin Cambiaso sun ci gasa. Gaskiya ne, kuma hakan ya nuna gado yana da ƙarfi. Sai dai a tuna an rene su a barga mafi kyau, an horar da su a hannun ƙwararru, wanda ya hau su kuma yana cikin gwanayen duniya. A kawo ɗaya daga cikinsu a ɗaure a turke a Birniwa cikin watan Afrilu, a ba shi harawa da dusa gwargwadon abin da ya samu, sannan a ga abin da zai rage na sunan uwarsa.

Haɗarin ƙuntata iri

Dalili na biyu ya fi nauyi. Kwafi tsayar da iri yake yi wuri guda. Mai kiwo na gari burinsa ɗa ya fi uwarsa, jika ya fi ɗa, kuma cakuɗuwar gado ta hanyar barbara ce kaɗai ke ba da wannan dama. Kwafi, komai kyansa, iyakarsa ya yi daidai da na jiya, alhali cututtuka da yanayi ba sa tsayawa jiran kowa.

Manoma sun riga sun ɗanɗana wannan. Rogon da ya kamu da cutar da ke nannaɗe ganye, duk karan da aka yanka daga jikinsa da cutar zai tashi. A shekarun 1950 wata cutar ƙasa ta rusa gonakin ayabar da ake fitarwa daga tsakiyar nahiyar Amurka, domin duk iri ɗaya ce kwafin juna, abin da ya kashe ɗaya ya kashe saura. A dawaki, ba a ma kai ga kwafi ba aka ga illar dogaro da uba guda. An haifi wani ingarma mai suna Impressive a Amurka a 1969, mai cikar tsoka da kyan ƙira, kowa ya ruga neman irinsa. Daga baya aka gano yana ɗauke da wata cutar gado mai sa tsoka karkarwa, wani lokaci doki ya faɗi, kuma ta bi dubban zuriyarsa. In ingarma ɗaya ya yi wannan ɓarna a tsawon rayuwarsa, ina ga an yi masa kwafi ashirin, kowane yana barbara?

Arzikin dabbobinmu yana cikin bambancinsu ne. Bunaji da Rahaji da Bokolo da Wadara a shanu, Uda da Balami da 'Yanƙasa a tumaki, jar akuyar Sakkwato da Maraɗi wadda fatarta ta yi suna har Turai, kowane iri ɗaruruwan shekaru makiyaya suka yi suna zaɓe, rani da fari da cuta kuma suna tacewa. Saniyar da ke iya tafiya daga tudun Birniwa zuwa fadamun Guri da rani, ta ci busasshiyar ciyawa, ta jure ƙuda da kaska, ta kuma haihu, tana ɗauke da wani ilmi a jininta wanda babu ɗakin binciken da ya ƙirƙira shi. A garke mai bambancin gado, in annoba ta zo akan samu masu tsira. A garken kwafi, ƙaddarar ɗaya ita ce ta duka.

Haƙƙin dabba da iyakar ɗan Adam

Dalili na uku ya shafi tausayi. Hoton ɗukushi mai lafiya ake nuna wa jama'a, ba a faɗin abin da aka yi asara kafin a same shi. Kafin Dolly, ƙwai 277 aka haɗa, 29 suka kai matsayin dasawa, aka dasa su a tumaki 13, ɗiya guda ta rayu. Kafin Prometea an haɗa fiye da 800. Dalilin wannan asara shi ne, ƙwayar fata tana ɗauke da dukkan littafin gado, amma ta naɗe yawancin shafukansa, babin fata kawai take karantawa. Aikin ƙwan ne ya warware sauran shafukan, kuma sau da yawa ba ya gamawa. Sakamakon shi ne ɓari, ko lalacewar mabiyiya, ko ɗan maraƙi ya yi girman da zai wahalar da uwa wajen haihuwa, ko ɗukushi ya fito da karkatattun ƙafafu da kumburarriyar cibiya. An samu ci gaba tun daga wancan lokaci, amma har yanzu asarar ta fi ta barbara nesa.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Dolly ta haifi 'ya'ya shida ta hanyar barbara, kuma ciwon huhun da ya sa aka kashe ta a watan Fabrairu na 2003 wata ƙwayar cuta ce mai kama tumaki ta jawo shi. A 2016 masana a Jami'ar Nottingham suka ba da rahoto kan wasu tumaki huɗu da aka kwafa daga ƙwayoyin da aka samo Dolly, suka ga sun tsufa cikin ƙoshin lafiya daidai gwargwado. Wato kwafin da ya tsallake haihuwa da ƙuruciya yana iya rayuwa kamar kowace dabba. Wahalar tana kan waɗanda ba su tsallake ba, da kuma matan da aka ɗora wa cikin. Tambayar da ta kamata a yi kullum ita ce, wace bukata ce ta kai a jawo wa dabba wannan wahala? Neman magani bukata ce. Ceton irin da zai ƙare bukata ce. Kofin gasa da alfaharin mai kuɗi kuwa, a ganina, ba su kai ba.

Masu dokokin wasanni ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Hukumar wasannin dawaki ta duniya ta yarda kwafi ya shiga gasa tun 2012, amma masu rajistar dawakin sukuwa na Ingila da Amurka ba sa karɓar duk dokin da ba ta hanyar barbara aka same shi ba. Game da ɗan Adam kuwa, bakin ya fi zuwa ɗaya. A 1997 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta haramta kwafin mutum, ta kuma halatta amfani da fasahar a kan tsirrai da dabbobi bisa sharaɗin a samu maslaha a kauce wa cutarwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwar neman hana kwafin mutum a 2005, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta hana shi a Nijeriya. Tun da aka sanar da kwafin birai biyu a Sin a farkon 2018, ya bayyana cewa abin da ya rage tsakaninmu da wannan ɓarna doka ce da tarbiyya. Yaron da aka kwafa, wane ne ubansa, wace ce uwarsa, wa zai gada, wa ya haramta ya aura? Al'ummar da ta ɗauki nasaba da muhimmanci ba ta bukatar dogon bayani a nan.

Inda fasahar take da rana

Duk da haka, kuskure ne a yi watsi da ita gaba ɗaya. A 1980 wasu masana a gidan namun daji na San Diego suka daskarar da ƙwayoyin wani ingarman dokin jeji na ƙasar Mongoliya, irin da ya taɓa ƙarewa a daji, wanda duk na yau suka fito daga 'yan dawaki kamar goma sha biyu. Bayan shekara 40, a watan Agusta na 2020, aka haifi kwafinsa, aka sa masa suna Kurt. A nan kwafi faɗaɗa iri ya yi, domin ya dawo da gadon da ya yi ƙaranci a cikin masu rai. Haka kuma a 2005 aka kwafi wani zakaran tseren dogon zango mai suna Pieraz, wanda aka dandaƙe tun yana ƙarami, kwafin ya zama ingarma mai barbara.

Mu ma muna da namu da ke bakin gaɓa. Ruwan Kogin Haɗeja, in ya ratsa dausayin Haɗeja da Nguru, ta Komadugu Yobe yake bi zuwa Tafkin Chadi, mazaunin shanun Kuri, farare marasa tozo masu kumburarren ƙaho, gwanayen iyo. Janyewar tafkin da cuɗanya da shanu masu tozo suna rage tsantsar irinsu. Jakuna sun yi tsada sun yi ƙaranci saboda cinikin fatarsu zuwa Sin, har Tarayyar Afirka ta yanke shawarar hana yanka su don fata a watan Fabrairu na 2024. Dawakinmu na gida ma, masu jure zafi da ƙishirwa, babu wani littafi da ke riƙe da asalinsu, masu ƙwallon dawaki a Kaduna da Kano da Katsina kuma hankalinsu ya fi karkata ga na Ajantina.

Abin da ya kamata mu yi

Darasin Kurt shi ne, waɗanda suka daskarar da ƙwayoyin nan a 1980 ba su san za a iya kwafin doki ba, Dolly ma sai bayan shekara 16 ta zo. Sun dai ajiye ne. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Saboda haka ina ba da shawarar cibiyoyinmu, musamman Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika a Zariya, tare da Jami'ar Tarayya ta Dutse, Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗeja, su haɗa hannu su kafa rumbun ajiyar maniyyi da ƙwayoyin fata na dabbobin wannan yanki, daga dabbobi masu yawa, a daskare cikin ruwan naitirojin. Kuɗin kwafin doki ɗaya zai sayi tukwanen ajiya masu yawa. Wajibi ne kuma a yi haka da yardar makiyaya, a rubuta sunan zuriyar da ta raya kowane iri, domin kada wata rana a sayar wa jikokinsu abin da kakanninsu suka tace.

Na biyu, a tuna abin da ke kashe dabba a ƙasar Haɗeja yau: ƙarancin makiyaya, toshewar burtali, kacalar da ta cinye hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 suka sauya tafiyar ambaliya, da nisan likitan dabbobi. Kwafi ba ya maganin ko ɗaya.

Na uku ya rage ga malamai da ɗalibai, kuma ba ya bukatar ko sisi. Ƙungiyar kimiyya ta kowace makarantar sakandare a Birniwa tana iya buɗe littafi ta rubuta dabbobin unguwa: irinsu, launinsu, uwa da uba, yawan haihuwa, madarar da suke bayarwa, cutar da suka yi suka warke. A tambayi dattawan Fulani da Mangawa da 'yan barga sunayen iri da na launi kafin su ɓace. A dasa karan rogo biyu daga uwa ɗaya, ɗaya a jigawa ɗaya a fadama, a auna su kowane mako, ɗalibi ya gani da idonsa rabon gado da rabon muhalli. Daga irin wannan littafi ilmin gado ya faro a ko'ina cikin duniya, kuma ranar da za a zo neman dabbar da ta cancanci a ajiye irinta, shi za a fara buɗewa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma ba mu hikimar sanin inda za mu tsaya.